Metir Munkaila da Ɗamarar da ke Bakin Ƙofa

Ni na riga kowa ganinsa. Duk wanda ya ce muku shi ne ya fara gane cewa Munkaila ɗan Gambo ba mahaukaci ba ne, ku ce masa Bawa Marini yana nan da ransa, yana gaishe shi. Ban yi lakwal ba, wato boko, ko sunana ban iya zanawa ba. Wannan takarda Malam Idrisa mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin meri, ofishin magajin gari, ne yake rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Agana ta ci fuskata ta bar ni. Na ga yunwa uku. Mu goma sha tara muka tashi a karofin garin nan, yau ni kaɗai nake juya baba a Matameye. Mutumin da ya ga wannan duka ba ya yabon wani don kunya.

Shekara ashirin da bakwai ke nan. An fito sallar asuba, na je duba ramin rinina, sai na hango mutum a bayan tsohuwar magaza, ɗakin da ake tara gyaɗa a da, da farar riga mai kauri, ba takalmi, yana ta naushin iska. Ya yi gabas, ya juya yamma, ya ɗaga ƙafa, ya yi tsawa shi kaɗai. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka: ɗan Gambo ya dawo daga Yamai da aljanu. Masu zuwa garka suna tsayawa su yi dariya su wuce. Ni ban yi dariya ba. Kwana uku ƙafafunsa nake kallo. Duk yawon da zai yi a filin nan, in ya gama, dugadugansa suna kan sawun da ya fara, ko faɗin yatsa ba su goce ba. Na ce wa masu dariya, "Mahaukaci in ya bar wuri ba ya komowa daidai wurin. Wannan da lissafi yake yi." Suka ce tsufa ya fara taɓa ni. Da yawansu yanzu suna ƙasa, ni kuwa ga ni.

Abin da yake yi sunansa karate, kuma shi ne ya buɗe makarantarsa ta farko a garinmu, a cikin magazar nan. Ɗalibansa suna ce masa Metir, wato malam, har gari duka ya bi bakinsu.

Tun daga ran nan har watan jiya, safiyarsa iri ɗaya ce. Daga masallaci sai magaza. Ya share daɓe, ya yayyafa ruwa, ya bi da tafin hannu yana neman tsakuwa ko ƙaya, don ƙafa tsirara ake takawa. Ya yi nasa takun, sannan ya canza riga ya tafi garkunan rake, inda yake gyara wa mutane injin ban-ruwa, da shi yake ci. Bayan la'asar ya dawo ya buɗe ƙofa. Ko mutum arba'in suka zo, ko biyu, ko babu kowa, a bakin ƙofa zai tsaya ya haɗa ƙafa ya sunkuyar da kai kafin ya shiga. Karofina na kallon ƙofar nan, babu abin da ya wuce ni.

Wata shida da buɗewa ya zo wurina da wata farar ɗamara ta saƙi, an ninka an yi mata ɗinki.

"Baba Bawa, za ka iya mayar mini da wannan rawaya?"

"Rawaya kawai? Wannan ko jikana zai yi."

"In an jima zan ce ka mayar da ita ruwan lemo. Sannan tsanwa, sannan shuɗi, sannan ruwan ƙasa, sannan baƙi. Ita ɗin dai, ba wata ba. Duk matakin da yaro ya ci, launinsa daban."

"Ɗamara ce ta ƙare a kasuwa?"

"Akwai su a Damagaram, kowane launi. Amma ba na so yaro ya yar da tsohuwa ya ɗauki sabuwa, ya manta da ranar da ko tsayuwa bai iya ba. Ina so in zare ya warware a bakinta, ya ga duk inda ya biyo."

Na ce masa, "To ka sani tun yanzu, rini gaba yake yi. Abin da na tsoma a baƙi ba ni da hanyar dawo da shi."

Ya ce, "Haka nake so."

Tun daga nan kowace ɗamarar makarantar nan ta bi ta hannuna. Rawaya da saiwa nake yi, ruwan lemo da karan dafi, tsanwa da shuɗi daga ramin baba. Yadda nake fitar da ruwan ƙasa a kan shuɗi kuwa, da shi za a binne ni. Galurar kanti ba ta taɓa shiga aikina ba. Gaskiya ne tsanwata tana fitowa kamar busasshiyar kuka, kuma 'yan Damagaram sun sha yi wa yaranmu dariya in an haɗu. Amma dariyar tana ƙarewa da zarar an shiga fili.

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane abin da mutumin nan ya haɗiye ba. Da damina magaza cike take, tsawarsu har tasha ake ji. Ana gama yankan gero sai a fara raguwa. Yau biyu sun hau mota sai Kano, jibi huɗu sai Ikko, wani Fatakwal, wani Abuja. Ci-rani ba laifi ba ne, ni ma na yi shi da ƙuruciya. Amma sai Metir ya yi wata biyar yana gyara wa yaro tsayuwa, ranar da ƙafa ta fara zama, ranar zai zo sallama.

Bai taɓa hana kowa ba. Abu biyu kawai yake yi. Na farko, mai tafiya ya rataye ɗamararsa da hannunsa a ƙusa, a bangon magaza, kuma babu mai sauke ta sai shi. Na biyu, ya ba shi abin da yake kira guzuri: abu guda, ba biyu ba, wanda zai riƙa yi kowace safiya a can. Ya ce wa wannan, "Kai kafaɗarka tana tashi in za ka yi naushi, hamsin kullum, a hankali." Ya ce wa wancan, "Kai numfashinka ne gajere, ka hau benen da kuke gadi sau goma." In ruwa ya sauka mutum ya dawo, a bakin ƙofa zai tsaya ya nuna guzurinsa. In ya yi, ya sauke ɗamararsa ya ci gaba daga inda ya tsaya. In bai yi ba, ya shiga da farin ƙugu har sai ya gyara. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Kallo ɗaya zai yi wa ƙafar mutum ya ce, "Kano ta yi maka daɗi."

Wasu suna dawowa. Wasu su dawo sau biyu, sau uku, daga nan aure ya zo, ko shago ya kama su a can. Ɗamararsu ta zauna. Har watan jiya akwai arba'in da shida a bangon nan, yawancinsu rawaya da ruwan lemo. Kowace Juma'a da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe su da ƙyalle, bai sauke ko ɗaya ba. Ya san mai kowacce, ya san guzurin da ya ba shi. A tsakiyar rani kuwa na sha jin muryarsa yana ƙirga da yaren mutanen Japan, yana ba da umarni, in leƙa in ga shi kaɗai ne da bango.

Munkaila, kai ne ka hau mashin ka tafi Dawce don yaro ɗaya da ubansa ya kwanta ciwo ana tsakiyar cirar gyaɗa, ka yi masa jarrabawa a bakin gona, ka dawo mini da ɗamararsa ka ce a tsoma ta tsanwa. Mutanen Dawce suna nan, a tambaye su. Kai ne wani babban ɗan kasuwa ya aiko maka da rago don ɗansa ya tsallake mataki, ka sa yaron ya ja ragon da kansa ya mayar gida, washegari kuma ka koya masa kamar ba a yi komai ba. Kai ne da ɗalibinka ya naushi mai tura kura a kasuwa, ka karɓe ɗamararsa, ka ce ba za ta koma ƙugunsa ba sai ya tura kurar mutumin wata guda. Ya tura. Ni na sayi ruwa a hannunsa.

A shekara ashirin da bakwai mutum biyu ne kawai suka kai ruwan ƙasa, don tana son shekaru a jere, kuma rani ba ya barin shekaru su jeru. Baƙa kuwa ba Metir ke ba da ita ba. Sai manyan alƙalai sun zo daga Yamai, sau ɗaya a shekara, sun zauna a Damagaram. Kuma ƙa'idarsu ce ba a barin makaranta a hannun wanda ba shi da baƙa.

Na farkon biyun nan ɗansa ne na cikinsa, Rabi'u. Ban ga mai ƙafa irin tasa ba. Saura mako uku a je Damagaram abokansa suka samo masa aiki a Fatakwal, suka ce wurin ba zai jira ba. Ya rataye ɗamararsa a ƙusa ta farko, wadda ke bakin ƙofa, ya ce, "Baba, ruwan farko ina nan." Shekara goma sha biyu ke nan. Yana can da mata da 'ya'ya, yana aiko da gaisuwa ta waya ranar Salla. Da uwarsa Saratu ta rasu ya zo ya kwana uku, bai taka magaza ba. Metir bai taɓa yi mini maganarsa ba. Amma duk Juma'a da ɗamarar bakin ƙofa yake farawa, kuma a kanta ƙyallen ya fi daɗewa.

Ta biyun ita ce Mas'uda tela. Ita ke ɗinka wa ɗalibai fararen rigunansu. Tana da shekara goma sha tara ta kawo ɗinki, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, washegari ta dawo da ubanta ya roƙar mata. An yi surutu a gari, aka gaji. Ta yi aure, ta haihu biyu, mijinta yana Kano kowane rani, ita tana nan. Ba ta da ƙafar Rabi'u, shekararta ta farko ko juyawa ba ta iya ba sai ta yi tangaɗi. Abin da take da shi guda ne: ba ta taɓa rataye ɗamararta a ƙusa ba. Rani tara, yawanci su biyu ne a magaza, malami da ɗaliba, da goyonta a kan tabarma a gefe.

Bana likita ya duba ƙugun Metir ya ce ƙashi ya cinye, sai an yi masa aiki a Yamai, kuma bayan aikin babu shi babu daɓen nan. Maganar ta zama a fili: ko Mas'uda ta ci baƙa a zaman alƙalai na bana ta riƙe makaranta, ko a sa wa magaza kwaɗo da ɗamara arba'in da shida a ciki.

Jarrabawa ranar Asabar ce. Ranar Talata ta zo karofi da ɗamararta a hannu.

"Kaka, ruwan ƙasar nan ya koɗe, ta koma kamar igiyar akuya. Ka ɗan tayar mini da shi, kada 'yan Damagaram su samu abin faɗi."

"Amarya, kin fi ƙarfin bakinsu."

"Ni dai ruwan ƙasa na ce. Ka ji, ko in ƙara murya? Na san kunnen ya kwana biyu."

"Kunnen da ya ji kukan ubanki ranar da aka haife shi? Je ki, Alhamis ki dawo."

Ta tafi. Na buɗe ramina, sai na tarar baba ya nuna irin nunar da na yi shekaru ban gani ba, kumfa tana ƙyalli kamar jan ƙarfe. Na tsaya da ɗamara a hannu. Shekara tara ina kallon ƙafar yarinyar nan, na san abin da alƙalai za su gani. Shekara ashirin da bakwai kuma ina rina wa makarantar nan, ban taɓa fitar da baƙa ko ɗaya ba, ga shi na haura tamanin. Na ce a raina, in ranar Asabar za a ba ta, me zai hana ta tarar da abarta a shirye? Na tsoma. Na shanya, na sake tsomawa, na bi da bagaruwa da ruwan ƙarfe, na buga ta a kan itace har ta yi sheƙi. Abu ɗaya ne ban lissafa ba: da me za ta tsaya a gaban alƙalai kafin su ba ta.

Ranar Alhamis ta zo ta gani. Ba ta karɓa ba.

"Kaka, me ka yi?"

"Na riga mutanen Yamai gani, shi ke nan."

"Ba a shiga jarrabawa da baƙa. Wanda ya ɗaura abin da ba a ba shi ba, korarsa ake yi tun daga ƙofa. Mayar mini da ita."

Na ce, "Ba ta komawa."

Muka tsallaka magaza tare, ni a baya. Metir yana zaune a kan benci, ƙafa a miƙe. Ya karɓi ɗamarar, ya juya ta, ya kai ta wurin haske.

"Baba Bawa, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma ba a sa ka ba."

A duk zamanmu wannan ce magana mafi zafi da ya taɓa faɗa mini, kuma na ji ta.

Mas'uda ta ce, "Metir, in mun isa Damagaram sai in ari ta wata. Ko a samo a kasuwa, ai yini ɗaya ne."

"Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa yara ba a tsayawa da ɗamarar da ba ta sha gumin ɗakin nan ba. Akwai waɗanda na mayar gida a kan haka. Sai ranar ƙarshe zan canza?"

"In rina wata fara," na ce.

"Wadda ba ta bi matakai ba? Ita da ta kasuwa ɗaya ne."

"To sai baɗi," in ji Mas'uda.

Mu ukun mun san babu baɗi.

Metir ya dubi bakin ƙofa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa har bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu zuwa ƙusa ta farko, hannun ya tsaya a sama, har na ɗauka ya fasa. Sai ya sauke ta. Inda ta rufe bango ya fi sauran wurin fari, kuma tsatsar ƙusa ta ci ninkinta.

"Metir, ta Rabi'u ce."

"Na san ta wanda ce."

"Ka ce babu mai sauke ɗamara sai mai ita."

"Ni na faɗa. In ya zo ya tarar ba ta nan, ni zai tambaya." Ya miƙa mata. "Za ta yi miki tsawo, ki ƙulla da kyau."

Ban ga hawaye ba, kuma ba zan ƙara abin da ban gani ba. Ya koma benci ya ce ta fara daga kata ta farko, wato jerin takun nan da na fara ganinsa yana yi a bayan magaza. Ya ƙirga mata har magariba.

Ranar Asabar na bi su. Na ce wanda ya ɓata shi zai je ya ga ƙarshe. Alƙalai uku ne a bayan tebur, masu jarrabawa goma sha ɗaya, kowa da ɗamararsa ta kanti mai ƙyalli, sai tamu da tsohon saƙi mai tabon tsatsa. Na ji wasu samari a bayana suna cewa, "Waccan daga wace gona aka kwanto ta?" Na juya na ce, "Ku kalli ƙafa, ku bar ƙugu." An ba Metir kujera, bai zauna ba. Yini guda yana tsaye a kan ƙugun da likita ya ce kada ya tsaya a kansa.

Da aka kira ta, ni sawunta kawai na sa wa ido. Ta yi gabas, ta juya yamma, ta yi tsawa, ta dawo. Dugaduganta suka sauka daidai inda suka tashi. A wurin karawa aka haɗa ta da wata doguwar 'yar lise, wato babbar sakandare, wadda ta fasa mata leɓe tun a naushin farko. Ta goge da bayan hannu, ta sunkuyar da kai, ta koma. Ba ta ja da baya ba ko taku ɗaya sai da alƙali ya ce a tsaya.

Shida suka ci, sunanta ne na huɗu. Babban alƙalin ya ɗauko sabuwar ɗamara a cikin leda, sai Metir ya matsa ya ce, "Muna da tamu." Ya zaro ta daga aljihu, ya kwance ta Rabi'u, ya ɗaura mata baƙar da hannunsa. Rinin bai gama kwanciya ba, ya bar mata shuɗin layi a farar riga. Alƙalin ya shafa da yatsa, ya kai hanci, ya ce, "Wa ya rina wannan?" Na miƙe tsaye na ɗaga hannuwana biyu da rini ya mayar shuɗi. Ba sai na yi magana ba, hannun ya faɗa.

A mota Mas'uda ta yi ta amsa waya. Metir yana jikin taga, ɗamarar Rabi'u a ninke a kan cinyarsa har muka shigo gari. Washegari da hantsi ya zo karofi ya zauna a kan kututturen da nake bugu, ya kara waya a baki ya ɗauki murya: "Rabi'u, Baba ne. Na ba da aron ɗamararka, Mas'uda ta ci baƙa da ita. An dawo da ita lafiya. Ka gaida yara."

Amsa ta zo bayan kwana huɗu, ina wurin. "To Baba, madalla. Wace ɗamara? Au, ta karate. Ba komai, ku riƙe. Ya jikin?" Bayan muryarsa ana jin hon ɗin motoci.

Sau biyu ya saurara. Ya sa waya a aljihu, ya tambaye ni ko ina da filaya. Na ba shi. Ya tsallaka magaza, ya cire ƙusa ta farko daga bango, ya dawo mini da filayata. Ɗamarar ya kai ta gida ya sa a akwatin Saratu. Sauran arba'in da biyar suna nan a rataye, ya ce wa Mas'uda ranar Juma'a a riƙa kaɗe su.

Munkaila, ginshiƙin magaza, na gode maka. Kai ne ka koya wa garin da mazansa ke tafiya kowane rani cewa abin da aka fara ana iya ajiye shi a dawo a ɗora. Kai ne ka riƙe wa mutane wurinsu, ko da su sun manta suna da wuri. Ranar da kuma aka zo zaɓi tsakanin ɗan da kake jira da ɗalibar da ke tsaye a gabanka, ka ba wadda ke tsaye. Ni na jawo maka wannan zaɓin da hannuna, na sani, kuma ba ka sake tayar mini da maganar ba. Allah ya ba ka lafiya a aikin da za a yi maka, ya dawo mana da kai ko da sanda ne. Kututturen nan naka ne, mu zauna mu biyu muna jin tsawarsu daga nesa.

Makaranta yanzu tana hannun Mas'uda. Ɗalibanta bakwai a ranin nan, huɗu mata ne, kuma ta riga ta kawo mini farare biyu in mayar rawaya. Ta tsaya a kaina har na gama, wai ba ta yarda da kunnena ba. Ku masu sana'a a garin nan, malamin lakwal ne, maƙeri ne, ungozoma ce, ku dubi mutumin nan: ranar da babu kowa ma a buɗe ƙofa. Ku kuma arba'in da biyar ɗin nan, na Kano da na Ikko da na Fatakwal, in takardar nan ta iso ku a sa a karanta muku. Ba a ce ku bar neman abincinku ba. Amma in ruwa ya sauka kun zo gida, ku bi ta magaza. Ko guzurin ya zube a hanya, ku tsaya a bakin ƙofa ku gaishe shi. Yana sane da sunan kowa.

Wanda kuma yake ganin tsoho ne ya samu mai rubutu yana zuba, hanyar Matameye ba a rufe take ba. Ya sauka a tasha ya ce a kai shi karofi. Zan nuna masa hannuna, in kama nasa in kai shi bakin ƙofar magaza, in sa yatsansa a ramin ƙusar. In bai gamsu ba, ya cire takalmi ya jira la'asar. Mas'uda tana zuwa.